Wanda Aka Ci Shi Ke Dafa Shayi

Ina da shekara arba'in da takwas na fara koyon karatun boko, a nan Alƙahira, a falon wani gida a Madinat Nasr. Malaminmu mutumin Sakkwato ne, yana karatun digiri na uku, furfura ta fara fito masa a gemu kamar yadda ta fito mana. Ranar Lahadi muke zuwa, domin ranar ce yawancin shagunan kasuwar Ataba suke rufe. Mu bakwai ne a ajin, duk magidanta, kowa ya riƙe littafinsa a cinya kamar wanda aka ba ajiyar jariri.

Aikina a Ataba ɗaurin kaya ne. 'Yan kasuwa su zo daga gida su sayi abaya da takalma da zannuwan gado, ni in raka su lungu-lungu, in yi musu ciniki da Larabcin da na tsinta a titi, sannan in cusa kayan a buhu in ɗinke. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfina, rubuta sunan mai kaya a jikin buhu. Kullum sai na tsaya da alƙalami a hannu ina waige-waigen wanda zai rubuta mini. Abin da ya kai ni aji ke nan.

Ba ni kaɗai na shiga ba. Tare muka shiga da aminina, wanda muke ɗaki ɗaya da shi a Hadayek el-Maadi shekara goma sha biyu. Mutumin Damagaram ne, ni kuma na Kano, saboda haka tun ranar da muka haɗu babu wanda ya kira wani da sunansa. Ni Bakano, shi Badamagare. Aikinmu ɗaya, jirgin ƙasan da muke hawa da safe ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Iyalinsa suna gida, nawa ma suna gida. Lokacin da mahaifiyata ta rasu ban samu zuwa ba, shi ne ya zauna da ni kwana uku bai fita aiki ba.

Bai daɗe a ajin ba. Sati biyar ya yi ya ce haruffan suna yi masa yawo a takarda kamar ƙudaje, ya ajiye littafin a saman firji. Ban tambaye shi komai ba bayan wannan. Daga nan ya ƙara mini suna, na zama Furofesa.

Abin da ya riƙe mu duk shekarun nan dara ce. A Alƙahira babu rairayin da za a haƙa gurabe a tsakar ɗaki, amma kwalin ƙwai yana da gurbi talatin cif, biyar sau shida, kamar don dara aka yi shi. Ni ina da ƙwallon dabino goma sha biyu, shi yana da murfin kwalba goma sha biyu. Mu dawo daga kasuwa, mu yi la'asar, mu baje tabarma kusa da taga. Dokarmu ɗaya ce, kuma ba mu taɓa karya ta ba: wanda aka ci shi ke tashi ya dafa shayi. Ni na iya dara tun ina yaro a ƙofar gidan kakana. Badamagare kuwa ya iya shayi, irin nasu na hawa uku, mai kumfa, da na'ana'a a na ƙarshe. Nakan gaya wa baƙi cewa duk Masar babu mai shayi kamarsa.

Da na yi wata takwas a aji, malam ya ce in ina so hannuna ya saki, in nemi laftof mai sauƙin kuɗi in riƙa buga abin da muka karanta. Shi ya raka ni wani bene a tsakiyar gari da babu komai a cikinsa sai shagunan kwamfuta, hawa bisa hawa. Ya zaɓa mini wata baƙa, mai kauri, mai nauyi, irin wadda ofisoshin ƙasashen Turai suke gama amfani da su a kwaso a kawo. Akwai tabon takarda a murfinta inda aka ɓare lambar ofis. Wasu haruffan sun yi santsi saboda yatsun wani akawu da ban san shi ba. Malam ya ce irin waɗannan ba su da kyan gani, amma suna jure wahala.

Da muka gama ciniki, halin Kano ya motsa, na ce wa mai shagon ina gyarata. Malam ya fassara masa abin da nake nufi. Bamisiren ya yi dariya har yana dukan tebur, ya ce ba shi da abin da zai ƙara wa kwamfuta kamar yadda ake ƙara wa tumatir, amma zai saka mini wasan ƙwallo a ciki, hadiyya, wato kyauta. Na ce na gode. Ban ma san me zan yi da shi ba. Gyara dai ba a barinta.

Badamagare ne ya gano wasan. A fuskar kwamfutar komai rubutu ne sai hoto ɗaya na ƙwallo, shi kuwa hoto yake karantawa. Ya danna. Sai ga fili, ga 'yan kallo, ga wani mutum yana ta surutu da Turanci kamar a rediyo. Muka zauna muna danna haruffa ba kai ba gindi. Amma 'yan wasan suna tafiya suna tsayawa, kamar masu ciwon gwiwa, kuma cikin kwamfutar yana huci, gefenta ya yi zafi kamar dutsen guga.

Ranar Lahadi na kai wa malam. Ya ce ba ciwo ba ne. Ya ce wannan na'urar ofis ce, an yi ta don rubutu da lissafi, motar ɗaukar kaya ce ba ta tsere ba. In ana so ta ɗauki wasa, sai a rage mata ado. Ya shiga wani wuri a cikin wasan, daga nan ya shiga wani, har sau huɗu, ya sauke komai ƙasa. Ciyawar filin ta koma kamar koren fenti, 'yan kallo suka koma kamar an yanko su daga kwali, fuskokin 'yan wasa kamar tukwanen da ba a gama ginawa ba. Amma ƙwallo ta fara gudu sumul. Da yake malam ba ya barin komai ya wuce bai mai da shi darasi ba, sai ya sa na rubuta matakan huɗu a bayan littafina da hannuna, kalmomin Turanci ne, harafi bayan harafi, da ma'anarsu a gefe. Ya ce ko da wata rana ta rikice, in gyara da kaina.

A satin nan ne maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bai fi wata biyu da tarewa a ɗakin da ke kallon namu ba. Tela ne, sa'anmu, Bahaushen Sudan, irin waɗanda kakanninsu suka taso zuwa Makka a ƙafa suka yada zango a hanya har zangon ya zama gari. Hausarsa irin ta tsofaffi ce gauraye da Larabci, kowa a wurinsa ya zol ne, wato kai mutumin nan. Mu kuma muna ce masa Basudane. Ya ce ya ji ihun ƙwallo ta bango ne. Ya leƙa, ya ga yadda muke fama da haruffa, ya girgiza kai. Washegari ya dawo da abin riƙewa guda biyu masu maɓallai da igiya, waɗanda Misirawa ke kira hannu.

Hannu biyu, mutum uku. Babu wanda ya tsaya shawara, dokar dara muka ɗauko yadda take. Wanda aka ci ya tashi ya dafa shayi, na uku ya zauna.

Ban san Badamagare yana da irin waɗannan yatsun ba. Mutumin da alƙalami ke zame masa, cikin kwana huɗu ya san kowane maɓalli ba tare da ya duba ba. Yana yanke mutum, yana ɗaga ƙwallo ta saman mai tsaron gida, yana karkata jikinsa duka kamar shi ne a filin. Basudane ya daɗe da iyawa, saboda haka suka zama daidai da juna. Ni kuwa in na ce ɗan wasana ya yi gabas sai ya yi yamma. In na so in ba abokina ƙwallo sai in harba ta cikin 'yan kallon kwali. Ci biyar, ci bakwai. Na tashi na ɗora buta.

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa a Ataba zai gaya maka. Na taɓa jiran wata hajiya awa uku tana zaɓen launin mayafi ɗaya. Na gaya wa kaina wannan ma zai wuce. Amma abin ya riƙa canzawa a hankali. In sun yi kunnen doki sai su ce a sake. In ɗaya ya ci da ƙyar sai ɗayan ya ce, “Furofesa, bari in rama wannan kawai.” In layi ya zo kaina, Badamagare yakan riƙe hannun wasan sakaka, yana hira da Basudane ta kan kafaɗata. Wata rana ya janye mai tsaron gidansa da gangan don in ci, su biyun suka tafa mini kamar yaron da ya fara tafiya. Bayan wannan na ce su ci gaba kawai, ni zan kalla. Na yi zaton za su ce a'a. Basudane ya ce tamam, ya yi daidai. Badamagare bai ma ɗago kai ba.

Haka na koma mai shayi a ɗakina, a kan kwamfutata. Daga wurin gas ina jin su. Badamagare yana da wata dariya da ban taɓa ji ba duk zamanmu, mai fitowa daga ciki, har yana tari. Suka ƙirƙiro maganganunsu da ban san tushensu ba. Ɗaya ya ce “kamar na ranar Talata,” su fashe. A jirgi da safe, maimakon mu yi gulmar 'yan kasuwa yadda muka saba, sai ya kama ba ni labarin yadda Basudane ya buga wata ƙwallo da dunduniya. Ranar Juma'a su biyun suna gaba zuwa masallaci, ni ina baya da darduma. In ya sayo ta'amiyya mai zafi, ƙosan Misirawa, a kan hanya, Basudane yake fara miƙa wa takardar. Ƙananan abubuwa ne, in ka faɗa wa wani sai ya yi maka dariya. Amma ina lura da kowanne, kuma kowanne yana zama mini a ƙirji kamar tuwon da bai dahu ba.

Kwalin ƙwai yana saman firji, a kan tsohon littafin Badamagare. Ƙura ta rufe shi.

Sau ɗaya na gwada hanyar gaskiya, rabin gaskiya dai. Na ce ina da aikin da malam ya ba ni, ina bukatar kwamfutar. Nan take suka tsayar da wasa, suka turo mini ita da ladabi, suka zauna shiru suna jira. Na fara neman haruffa da yatsa ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar danna maɓalli jefi-jefi. Basudane yana juya hannun wasan a tafinsa. Badamagare yana kallon silin. Layi biyu na rubuta na ce na gama.

Wata Juma'a da hantsi Badamagare ya tafi aski. Na zauna da kwamfutar, na buɗe littafina ta baya. Ba zan ce shaiɗan ba ne, domin na san abin da nake yi, har alwala ina da ita. Na danna hoton ƙwallo. Na bi matakan malam, ina gwada kowace kalma da ke littafi da wadda ke fuskar kwamfutar, harafi da harafi. Na farko ya buɗe. Na biyu ya buɗe. A na uku na ɓata, na koma baya, na sake. A na huɗu na ga jerin abubuwan da malam ya sauke. Na ɗaga su duka, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Na rufe, na mai da littafin jaka.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne ya fi ba ni kunya. Na ji daɗi. Ba daɗin muguntar kaɗai ba. Ranar ce ta farko da na karanta wani abu ni kaɗai, babu malam a gefe, kuma abin ya yi aiki.

Da la'asar suka zauna. Da filin ya bayyana, Basudane ya ce masha Allah. Ciyawa ɗaya-ɗaya ake gani, 'yan kallo suna kaɗa tutoci, har gumi a goshin 'yan wasa. Badamagare ya ce kwamfutar Bakano ta yi wanka. Aka busa usur. Ƙwallo ta tashi, ta tsaya a sama, ta yi tsalle ta bayyana a wani wuri. Mai surutun nan ya kama in'ina. Cikin kwamfutar ya fara kuka kamar injin niƙa. Lokacin zafi ne, irin zafin Alƙahira da bango ke riƙewa. Kafin a je hutun rabin lokaci kwamfutar ta mutu da kanta.

Kwana uku suna jinya. Suka ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Suka juyo mata fanka. Basudane ya kawo gorar ruwa mai ƙanƙara ya jingina a gefenta, ya share ƙofofin iskar da burushin keken ɗinkinsa. Ina tsaye ina kallo, har ina ba da shawara. A rana ta uku Badamagare ya naɗe igiyoyin, ya miƙa wa Basudane, ya juyo ya ce mini su ne suka kashe mini ita, abin karatu suka mai da abin wasa, in yafe. Fuskarsa ta faɗa. Na ce ma'alish, ai rubutu tana yi, ba komai. Na faɗe shi da muryar babban mutum.

Washegari na sauko da kwalin ƙwai na kaɗe ƙurar. Badamagare ya zauna. Ya jera murafensa ba tare da tunani ba, na cinye shi cikin ɗan lokaci, ya tashi ya dafa shayi. Shayin ya yi daɗi kamar da. Na ce a raina an gama.

Ba a gama ba. A bakin titinmu akwai shagon wasa, irin wanda ake zama a kujeru gaban manyan talabijin. Basudane ya san mai wurin. Da farko sau biyu a sati suke zuwa, daga baya kullum. Badamagare yakan yi sallar la'asar, ya sa takalmi, ya ce in zo mu je. Na ce ina da karatu. Ya daina tambaya. A da ko ba komai ina jin dariyarsa daga wurin gas. Yanzu sai in zauna da kwamfuta lafiyayya a gabana, ɗaki shiru, ina buga sunayen garuruwa. Hannuna ya saki sosai a kwanakin nan. Malam ya yaba mini a gaban aji. Wata rana na wuce ta gaban shagon da ledar burodi, na hango su ta gilashi, kafaɗa da kafaɗa, wani Bamisire yana kawo musu shayi a tire. Na tsaya a tsallaken titi har mai tuktuk, a-daidaita-sahun nan, ya yi mini tsawa.

Na san maganin. Matakai huɗu ne a bayan littafina. Amma in na gyara, sai a tambaye ni yadda aka yi ta warke, kuma in ta warke sai in koma wurin gas. Na zaɓi in jira. Jira shi ne abin da na fi iyawa.

Sati uku ana haka. Wata Lahadi na tafi aji ban ɗauki kwamfutar ba, domin ranar karatun baki ce. Na dawo bayan la'asar. Tun daga matakala na ji muryar mai surutun nan tana gudu ba in'ina. Na buɗe ƙofa. Badamagare yana zaune shi kaɗai a tabarma, kwamfutar tana gabansa, filin ya koma koren fenti, 'yan wasa suna ta kai da kawowa ba mai tuƙa su. Bai riƙe hannun wasa ba.

Ya amsa sallamata, ya bari na cire takalmi. Sannan ya ba ni labari, a hankali, yana kallon kwamfutar. Ya ce abin ya tsaya masa a rai, ya lalata wa mutum kayan karatu. Da na fita sai ya naɗe ta a darduma, ya hau jirgi, ya je benen nan. Bai san shagon ba, bai iya karanta allunan ba, sai ya bi hawa-hawa yana tambayar wanda ya sayar wa wani baƙin mutum kwamfuta har ya nemi gyara. A hawa na uku aka nuna masa. Mai shagon ya tuna ni. Ya kunna, ya duba, ya danna nan da can, ya ce lafiyarta ƙalau, wani ne ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Badamagare ya ce masa ko ita ta yi da kanta. Mutumin ya ce ba ta yi da kanta. Sai an bi ta ƙofa huɗu, kowace ƙofa da rubutu a kanta.

Sannan ya ce, “Ni ko sunana ban iya ba. Basudane Larabci kawai yake karantawa. Ashe karatun ya shiga, Furofesa. Barka.”

Na zauna a bakin katifa. Na ce ni ne.

Ya ce ya sani, dalili yake tambaya.

Duk abin da na tara a ƙirji na wata biyu, dariyar, ta'amiyyar, tafiya masallaci, babu wanda ya iya fitowa. Mutum mai 'ya'ya biyar ba ya buɗe baki ya ce wa ƙato ɗan'uwansa ka fi son wani a kaina. Abin da ya fito shi ne, “Na gaji da dafa shayi.”

Ya juyo ya kalle ni sosai, karon farko tun da na shigo.

“Wata biyu,” ya ce. “Bakano, shekara goma sha biyu wa yake dafawa?”

Ya ce in tuna sau nawa ya ci ni a dara. Na yi ƙoƙari. Na tuna sau ɗaya da nake zazzaɓi, da wata rana da aka kira ni a waya a tsakiyar wasa. Ya ce shi bai taɓa son dara ba. Ya ce yana zama ne saboda ni ina so, kuma yamma tana da tsawo a garin da ba naka ba. Ya ce a aji ma haka, ni ina shafi na goma shi yana na biyu, malam yana cewa ya duba littafin Bakano. Bai faɗa da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin wani ne. Ya ce wannan ƙwallon ta kwali ita ce abu na farko tun zuwansa Masar da ya zauna a kai wani ya tashi.

Sai ya miƙe, ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya ce Basudane har yau yana ganin gorar ƙanƙararsa ce ta ƙarasa kwamfutar, yana jin nauyin haɗa ido da ni. Ya ce shi ba zai gaya masa ba. Ya fita.

Kwana biyu muna hawa jirgi ɗaya, muna cin tukunya ɗaya, ba ya ce mini Bakano, ba ya ce mini Furofesa. In zai yi mini magana sai ya ce malam, kamar wanda muka haɗu a layin biza. Wannan ya fi zagi ciwo.

A rana ta uku na ƙwanƙwasa ƙofar Basudane. Yana kan keken ɗinki, da allura a baki. Na tsaya a tsaye na faɗa masa duka, har da littafin. Ya cire allurar. Na yi zaton zai yi fushi. Sai ya tambaye ni ko da gaske ni kaɗai na bi ƙofofin huɗu, da Turanci. Na ce e. Ya ce, “Ya zol, da ka yi wannan wahalar a kan koyon ba da ƙwallo, da yanzu ka huta.” Ya ɗauko hannayen wasan daga cikin tsummokaran ɗinki ya miƙa mini, ya ce in wuce gaba yana zuwa.

Da yamma muka zauna mu uku. Badamagare ya ce ni da shi za a fara, kuma ba zai janye mai tsaron gida ba. Bai janye ba. Ya ci ni shida. Na tashi, Basudane ya zauna a wurina, tun ban kai wurin gas ba na ji dariyar nan ta tashi a bayana. Ba zan yi ƙarya ba, ta soke ni kamar yadda ta saba. Har yau tana sukata, sai dai na san inda zan ajiye ta. Kwalin ƙwai yana nan a saman firji, ban sake sauko da shi ba, kuma ban jefar ba.

Na kawo shayin a kofi uku. Badamagare ya kurɓa bai ɗauke ido daga filin ba, ya yamutsa fuska, ya ce ruwan wankin buta ne wannan. Na ce haka na iya.

Ya danna wani maɓalli, 'yan wasan suka daskare a tsakiyar fili. Ya ajiye hannun wasan a cinyar Basudane, ya ce kada ya taɓa, yana ganinsa. Ya miƙe ya karɓi butar daga hannuna.

“Shekara goma sha biyu kana sha, ba ka taɓa leƙowa ka ga yadda ake yi ba,” ya ce. “Zo nan, Bakano. Zubar da wannan, ka ɗauraye.”